Idan Tsohuwar Jif Ta Ƙi Daina Misin

Sharhinmu na yau na masu mota ne, musamman masu tsohuwar jif irin su Toyota Highlander da Lexus RX300 da RX330, waɗanda suka cika titunan Kano da Kaduna da Abuja, da kuma kanikawan da ke wuni a ƙarƙashinsu.

Duk mai irin wannan mota ya san ciwon da zan yi magana a kai. Kana tsaye a danja, sai ka ji sitiyari yana karkarwa a hannunka, kujera tana rawa. Ka taka totur, motar ta yi tari, ta ɗan ja da baya kafin ta ɗauka. Ka zagaya baya, warin ɗanyen fetur ya doke ka daga salansa. Ga fitilar inji ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. A gareji cewa za a yi motar tana misin.

Abin da ke biyo baya ma kun san shi. A ce fulogi ne, a saya. Bayan kwana biyu ciwo ya dawo, a ce kwayil ne, a sayi guda shida. Ya sake dawowa, a wanke nozul, a canja famfon mai. Daga nan sai oga ya share gumi ya ce, "Alhaji, ina ga biren bos ne, ko kuma a sauke injin kawai." Kuɗi sun tafi, mota tana nan tana rawa. Wannan hanyar ita nake so mu bari. Misin ba abu ne da ake ganowa da canke ba. Akwai gwaje-gwajen da ke nuna inda yake, kuma mafi amfani a cikinsu ba ya cin ko sisi.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin injin. Waɗannan motoci, in ban da Highlander mai silinda huɗu, silinda shida gare su: injin 1MZ-FE mai lita 3.0 a RX300 da Highlander ta 2001 zuwa 2003, sai 3MZ-FE mai lita 3.3 a RX330 da Highlander ta 2004 zuwa 2007. Silindojin nan aiki suke bi da bi, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya. Idan ɗaya ta tsallake bugunta, ko daga bayan katanga za ka ji daka ya ɓaci. Kafin silinda ta yi nata bugun kuwa, sai abu uku sun haɗu a kan lokaci: wutar fulogi, da haɗin fetur da iska daidai gwargwado, da matsin da fistin ke yi wa wannan haɗin. Duk misin ɗin duniya daga ɗayan ukun nan yake fitowa. Saboda haka tambayoyi biyu ne a gaban bakanike: wace silinda ce, kuma me ta rasa a cikin ukun?

Tambayar farko motar da kanta take amsawa. Tun daga motocin 1996, dokar Amurka ta wajabta tsarin OBD2, kuma yawancin jif ɗin da muke hawa daga can suka fito. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16. Kwamfutar motar tana lura da juyawar karanshaf ta hanyar wani sensa, duk sa'ad da wata silinda ta ƙi bugawa juyawar takan ɗan yi sanyi, sai kwamfutar ta rubuta lamba ta ajiye. P0301 silinda ta ɗaya ke nan, P0302 ta biyu, har zuwa P0306. Idan P0300 ta fito, misin ɗin yana yawo ne tsakanin silindoji, bai tsaya a guda ba. Na'urar da ke karanta lambobin nan yanzu ba ta gagari kowane gareji ba, akwai ma ƙarama da ake haɗawa da wayar hannu. Ni a ganina, bakaniken da zai taɓa motar da aka ƙera bayan 1996 ba tare da ya karanta lambarta ba, aikin lalube yake yi da kuɗin wani.

Sai dai lambar silinda kawai take faɗa, ba ta cewa a sayi kaza. Nan ne wasu masu na'urar suke zamewa: sun ga P0304, sai su rubuta wa mai mota fulogi da kwayil da nozul gaba ɗaya. Kuma ina roƙo, kada a yi gaggawar goge lambar. A fara rubuta ta a takarda. Kwamfutar takan ajiye har da yanayin da motar take ciki lokacin da abin ya faru: gudun inji, da zafinsa, da nauyin da yake ja. Wanda ya goge ya zubar da shaida.

To, a ce P0304 muka samu. A wannan injin, silinda ta 2 da ta 4 da ta 6 su ne a gaba, kusa da lagireto, da an buɗe bonet an cire murfin roba ga su nan. Kowace da kwayil ɗinta a kan fulogi. Sai a zare kwayil na ta huɗu a kai shi ta biyu, na ta biyu a dawo da shi ta huɗu. Yanzu a goge lamba, a zaga da motar, a sake karantawa. Idan lambar ta koma P0302, ciwon ya bi kwayil, an kama ɓarawo, kwayil guda za a saya. Idan ta tsaya a P0304, kwayil ɗin nan lafiyarsa ƙalau, a bar shi. Sai a yi wa fulogi irin wannan musanyar, a kai shi ta shida. In nan ma lambar ba ta motsa ba, a gwada nozul. Wannan shi ne gwajin da na ce ba ya cin sisi, kuma da za a riƙa yin sa, da kwayil masu rai da yawa ba su ƙare a kwandon shara ba.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne sosai. Silinda ta 1 da ta 3 da ta 5 suna baya ne, a jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, kuma manifol ɗin iska ya kwanta a kansu. Kafin hannu ya kai ga fulogin can sai an sha wuya, a wasu motocin ma sai an ɗaga manifol ɗin dungurungum. Saboda haka akan samu wanda zai karɓi kuɗin fulogi shida, ya canja ukun gaba, ya rufe bonet. Mai mota ya tafi da tabbacin cewa an gama da batun fulogi, alhali na baya suna nan, wataƙila tun waɗanda motar ta tsallako teku da su. In jif ɗinka ta ci gaba da misin bayan an ce an canja fulogi, kuma lambar ta nuna 1 ko 3 ko 5, to fara daga nan. Ba rashin yarda ba ne ka ce a ba ka tsofaffin fulogi shida a hannu. Bakanike mai amana ma shi zai miƙo maka kafin ka tambaya.

Kuma tsofaffin nan ba shara ba ne, a jera su bisa tsarin silindojinsu a duba bakinsu. Wanda ya yi baƙi ƙirin da busasshen hayaƙi, fetur ya yi wa silindarsa yawa. Wanda ya jiƙe da fetur, wuta ce ba ta zuwa. Wanda ya yi danƙo da baƙin mai, man yana shiga inda ake ƙona fetur. Wanda kuwa ya fito tas, ya fi sauran haske kamar an wanke shi, shi ne abin tsoro, domin sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga silindar. A leƙa ramin fulogin kuma da tocila. Idan robobin murfin bawul suka bushe, kuma a mota mai shekara ashirin bushewa suke, baƙin mai yakan taru a ramin ya jiƙa robar kwayil, wuta ta riƙa zillewa ta gefe. Ko sabon kwayil aka saka, in ba a canja robobin ba, haka zai bi sahun na farko. Haka ma ruwa. Masu kai mota wanki a buɗe bonet a feshe inji da ruwa mai ƙarfi, in motarku ta fara rawa washegari, ku duba ramukan nan kafin ku sayi komai.

Game da sayen fulogin kansa: Toyota ta ƙera injin ne da fulogin iridiyam na Denso ko NGK, mai tazarar baki milimita 1.1, wanda aka tsara zai yi tafiyar mil 120,000. Jabunsu sun yi yawa, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya, ko Panteka, ko Apo, nemi mai shagon da aka sani, wanda za ka iya komawa wurinsa. Araha ba ta ado. Bakin fulogin jabu yana saurin cinyewa, tazara ta buɗe, kwayil ya riƙa wahalar tura wuta har ya ƙone. Mutum ya yi ta canja kwayil, alhali fulogin ne ke kashe su.

Wannan ɓangaren wuta ke nan. Idan kuma lambar P0300 ce, ko silindoji da dama suka fito a tare, musamman in ga P0171 ko P0174 a gefensu, to ba maganar kwayil ba ce. Da wuya kwayil uku su mutu rana ɗaya. Lambobin nan biyu cewa suke iska ta rinjayi fetur. Injin yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na fetur, bisa nauyi, kuma kwamfuta tana auna iskar da sensa da ke bayan akwatin filtar iska. Duk iskar da ta saci hanya ta shiga bayan sensan, kwamfutar ba ta san da ita ba. A waɗannan motoci, babban tiyon roba da ya taso daga akwatin filta zuwa bakin totur yakan tsage a cikin lanƙwasarsa, ta ƙasa inda ido ba ya gani. A cire shi, a lanƙwasa a hannu, a duba. A bi ƙananan tiyoyin manifol ma ɗaya bayan ɗaya.

Mai na'ura yana da hanyar tabbatarwa. Kwamfutar tana nuna yawan fetur ɗin da take ƙarawa don ta cike giɓi. In ƙarin ya haura kashi 10 cikin 100 a sulo, amma ya sauko da aka ɗaga inji zuwa juyi 2,500, iska ce ke shiga ta ɓaraka. In kuwa a sulo lafiya, sai an taka ne ƙarin yake hawa, to fetur ne ba ya isa, ko sensan iskar ya yi datti. Mu da muke shan ƙurar hunturu, wannan sensa yana shan wahala, balle in filtar iska ta huje ko an kakkaɓe ta an mayar sau ba adadi. Akwai feshin da aka yi musamman don wanke shi. Kada a taɓa siririyar wayar cikinsa da tsinke ko burushi.

Famfon mai kuma auna shi ake yi da geji, a kan wannan injin ana neman 44 zuwa 50 a ma'aunin psi. Jin ƙararsa a tanki bai isa shaida ba. Nozul kuwa, ko dogon sukundireba aka ɗora a kansa aka kara kunne a ƙotar, za a ji yana ƙyas-ƙyas in yana aiki. Sannan a tambayi mai mota inda ya sha mai na ƙarshe. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka yi ta lalacewa. Ko ba irin wannan ba, man galan na 'yan bumburutu, ko tankin gidan mai da ruwan damina ya shiga, ya isa ya sa inji tari. In misin ya fara ne jim kaɗan bayan shan mai, a ɗebi kaɗan a kwalba mai haske a ajiye. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa.

Mai mota ma yana da nasa aikin, domin shi ya san lokacin da abin ke tashi. Misin da ke zuwa sai ana hawan tudu, ko an kunna AC, ko za a wuce tirela, ya fi karkata ga kwayil mai rauni ko ƙarancin fetur. Wanda ke damun mota a sulo ya lafa in an taka, a nemi ɓarakar iska ko bawul. Wanda ke zuwa da sassafe na ɗan lokaci ya ɓace in inji ya yi zafi, kuma ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, wannan gasket ɗin kan inji ne ake zargi. Bayanin nan ya fi wa bakanike amfani fiye da "kawai dai tana rawa".

Kafin mu je ga na uku, wato matsi, bari in tsaya a kan fitilar nan ta dashbod. In ta kama ta tsaya cak, akwai matsala amma za a iya lallaɓawa zuwa gareji. In tana ƙiftawa, a sauka gefen titi. Ma'anarta fetur ɗin da bai ƙone ba yana kwarara cikin salansa, yana ƙonewa a cikin tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi. Zafin yakan kai saƙar cikinta ta narke ta toshe, mota ta kasa numfashi, ta ƙi gudu ko an take totur har ƙasa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shawarar da ake yawan bayarwa a nan, wai a fasa indomin a zubar, motar za ta saki. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, platinum da palladium da rhodium, shi ya sa ake da masu sayenta, kuma shi ya sa wasu ke saurin ba da wannan shawara. Cire ta ba ya warkar da misin. Hayaƙin da take tacewa kuma sai ya koma ƙirjin mai mota da iyalinsa da ɗan acaɓan da ke bayansa a danja. Mai cire ƙwan fitilar ko ya liƙe ta da baƙin salatif, shi ma bai gyara komai ba.

Akwai kuma asarar aljihu. Silinda ɗaya cikin shida ta daina aiki amma nozul ɗinta yana iya ci gaba da fesa mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ban ga mai jif ɗin da zai iya ɗaukar wannan ba. Wani fetur ɗin ma gangarawa yake ta jikin silinda, ya wanke man da ke kare ringi, ya tsinka baƙin man da ke cikin inji.

To, an musanya kwayil, an musanya fulogi, an gwada nozul, lamba tana nan daram a silinda guda. Yanzu lokacin auna matsi ya yi, kuma da son samu ne, a tsohuwar mota tun kafin a kashe kuɗi mai nauyi ya kamata a yi shi. Ana cire fulogi, a ɗaura geji a ramin, a buɗe totur, a ba da sitata, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Abin dubawa shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Wadda ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tana da magana. Sai a zuba mata kamar cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne suka cinye. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, a fi zargin gasket ɗin da ke tsakaninsu. Garejin da ke da kwamfuresa zai iya hura iska cikin silindar yayin da bawul ɗinta suke rufe, a saurara: in iska na fita ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ya ƙone, in ta bakin totur, bawul ɗin shigar iska ne, in ta murfin baƙin mai, ringi, in kumfa ta taso a lagireto, gasket. Lagireton dai ba a buɗe shi da zafi.

Me ke kai inji ga wannan hali? Yawanci zafi ne da ƙazantar mai. An san 1MZ-FE da tara daskararren baƙin mai in ana jinkirin juye, har ta kai Toyota ta tsawaita garantin wannan matsala a Amurka a 2002. Dattin yakan toshe ƙaramin bawul ɗin da ke sarrafa tsarin VVT-i, sai a ga silindoji uku na layi guda suna misin tare, wani lokaci da lambar P1349 ko P1354. Bel ɗin tayimin da ya tsallake haƙori, ko wanda aka ɗaura ba a kan maki ba, shi ma haka yake yi wa layi guda. Mu kuma muna ƙara namu: a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya har tsatsa ta toshe shi. Ranar da allurar zafi ta haura a hanyar Zariya aka ce bari a ƙarasa, ranar ce gasket ya fara mutuwa, ko da misin ɗin bai bayyana ba sai bayan wata guda.

Saura biren bos, wato kwamfutar motar, wanda aka fi ɗora wa laifi. Yana lalacewa, amma ba kasafai ba. Kafin a kai gare shi, mai wayarin ya bi wayoyin da ke zuwa kwayil da nozul na wannan silindar. Soket ɗin roba da zafi ya gasa yakan karye a ɗaure shi da waya, ɓera yakan ci wayoyin bayan inji, wayar as takan yi tsatsa ko a manta ba a ɗaure ta ba bayan wani aiki. A jijjiga wayoyin inji yana sulo, in rawar ta canja, an kusa.

Idan awo ya nuna bawul ne ko gasket, aikin top silinda ne, kuma ba dole sai an sauke inji gaba ɗaya ba. A kai kan injin wurin masu injin gyara su duba ko ya lanƙwashe, a sa gasket mai kyau, a ɗaure kusoshi da sifana mai awo bisa tsarin da kamfani ya bayar, ba da ƙarfin damtse ba. In kuwa ringi sun tafi a silindoji da yawa, mota tana hayaƙi tana shan baƙin mai, to sayen injin Beljiyam zai iya fin gyara sauƙi, amma shi ma a nemi sharaɗin mayarwa, a auna matsinsa da zarar an ɗora. Bayan kowane gyara, a goge lamba, a yi kwana biyu ana hawa cikin gari da babbar hanya, sannan a sake sa na'ura a ga ko ta dawo, domin kwamfutar ba ta cika kunna fitila a tafiyar farko ba.

Nan za mu dakata a yau. Allah ya kiyaye hanya, sai mun sake haɗuwa.